Wa Ke Da Agwagwar Ruwa?

Idan damina ta ɗauke, kaka ta shigo, iskar hunturu ta fara kaɗawa, duk wanda ya tashi daga Dutse ya nufi arewa ta wajen Kiyawa da Jahun, har ya kai fadamun Miga da Kafin Hausa, ba zai rasa ganin tsuntsayen ruwa ba. In ya ƙara gaba ya wuce Haɗeja ya isa Baturiya, a ƙasar Kiri Kasamma, sai ya ga abin mamaki. Da asuba agwagin ruwa su kan tashi garke garke, har su yi wa sararin sama duhu kamar fara. Dalilin taruwarsu a nan kuwa shi ne, Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are, da su ka iso ƙasar jigayi, sai su ka rasa hanya guda. Su ka rarrabu ƙorama ƙorama, su ka malale ƙasa, ba su haɗu ba sai kusa da Gashuwa.

Agwagin nan iri biyu ne. Akwai 'yan gida, watau kamar su dinya da kirinjijiya, waɗanda ke yin ƙwai a ƙasarmu da damina. Akwai kuma baƙi. Cikinsu da wata 'yar ƙarama wadda namijinta ke da farin zane bisa ido, da wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya. Waɗannan can a ƙasashen Turai da Rasha a ke ƙyanƙyashe su. In sanyi ya matso, ruwan tafkunansu ya daskare, sai su taso su ƙetare bahar da hamada, tafiyar kilomita 5,000 ko fiye, su sauka wurinmu. Wajen watan Maris su koma. Yadda a ka tabbatar da haka, masana su kan kama tsuntsu su sa masa zobe mai lamba a ƙafa su sake shi, in an same shi a wata ƙasa sai a gane inda ya fito.

To, jama'a, ga tambayar da mu ke so mu duba. Akuya tana da mai ita, wanda ya yanka ta ba izini alƙali na jiransa. Amma agwagwar ruwa ba wanda ya saye ta, ba wanda ya ba ta tsaba. Shin duk wanda ya iske ta ya na da ikon ya kashe iyakar abin da ya iya?

Bari mu fara jin ta bakin maharbi, don ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji daga gare shi ba. Zai ce shi talaka ne mai iyali, naman kasuwa ya fi ƙarfinsa, ga tsuntsu daga sama gasasshe. Zai ce tsuntsayen nan su na yi masa ɓarna a gonar shinkafa. Zai kuma ce, in ya ƙyale su, wani ne zai harbe su, ko a nan ko a Turai, inda masu kuɗi ke harbinsu don nishaɗi. Maganarsa ta na da ƙamshin gaskiya. Farauta halal ce, sana'a ce ta kaka da kakanni, har Sarkin Baka gare ta. A cikin Risala ma akwai babin da ya yi bayanin hukuncinta, aka halatta ta don bukata, aka karhanta ta don wasa.

Amma fa halal ta na da iyaka. Ku dubi lissafin nan. 'Yar ƙaramar agwagwar nan ta kan yi ƙwai takwas ko tara a shekara, kuma ba duka ke rayuwa ba. Ba ta yin ko ɗaya a ƙasarmu. Watau wadda mu ke gani da hunturu ita ce iri, kamar damin geron da manomi ya ke ɓoyewa a rumbu don shuka. Wanda ya harbi biyu ko uku ya kai wa iyalinsa, ya ɗebi abin da garke zai iya mayarwa. Wanda kuwa ya kafa raga ya kwashe garke, ko ya jiƙa hatsi da guba ya watsa a bakin ruwa, ya cinye iri. Ga shi guba ba ta zaɓe. Ta kan kashe belbela da kifi, ta kuma bi nama har cikin tukunyar wanda ya saya bai sani ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Zancen cewa in ban harba ba wani zai harba, shi ne ya fi haɗari, domin kowa na iya faɗinsa. Mutumin Miga ya faɗa, na Nguru ya faɗa, Bature ma ya faɗa. In kowa ya bi wannan, ran nan sai a wayi gari fadama shiru. Saboda haka ne a ka yi dokar namun daji ta Jihar Arewa a 1963. Saboda haka ne kuma ƙasashen duniya su ka taru a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, su ka ɗauki alkawarin kiyaye fadamu. An sa Tafkin Nguru cikin wannan alkawari a 2000, an sa Baturiya a 2008. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo har Dagona a ƙasar Bade don ganin tsuntsayen nan.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa maharbi laifin duka. Abin da bindigar toka ta kashe bai kai abin da rashin ruwa ya kora ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa a 1992, ga kuma farin 1973 da na 1984. Malalen da ke cika fadamu ya ragu ƙwarai. A waɗansu wurare kuwa, da ruwa ya daina janyewa da rani, sai ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, ta cinye gonaki da wuraren su. Madatsun nan sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani, ba mai musun amfaninsu. Amma mai riƙe da makullin ruwa a sama ya na da haƙƙin na ƙasa a wuyansa. Ruwan da ke kawo agwagwa shi ke kawo kifi ga masunci, da ciyawa ga Bafillace, da shinkafa ga manomi. Ranar da agwagwa ta daina zuwa, su ma sai su shiga uku.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan ilmi. Shamuwa ta kan zo da bazara ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ba yaron da ke jifanta, don an san baƙuwa ce mai albishirin ruwa. Ba gwamnati ce ta kafa wannan doka ba, iyaye ne su ka koya wa 'ya'yansu. Mu na kuma cewa baƙo raɓa ne. Mene ne zai hana baƙuwar hunturu ta sami rabin mutuncin da baƙuwar bazara ta samu?

Amsar tambayarmu ke nan. Abin da ba shi da mai shi cikin mutane, Allah ke da shi, mu kuwa amana a ka ba mu. Mai amana ya na iya ci gwargwadon bukata, ba ya iya ƙarar da ita. Maharbi ya ɗauki na miya ya bar guba da raga. Ya ƙyale 'yan gida da damina sa'ad da su ke kan ƙwai, kada kuma ya shiga inda hukuma ta hana. Dagatai da masu unguwanni su sa ido, masu madatsa su saki ruwa a kan kari. Kai kuma da Allah Ya ba ka karatu, ka karanta wa waɗanda ba su iya ba a dandali. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.