Malam Ma Ya Sha Faɗuwa Zaɓe

A Lajawa ta ƙaramar hukumar Wudil an yi wani saurayi, malamin firamare, da ya nemi jam'iyyarsa ta tsayar da shi takarar kansila. Yaro ne mai jama'a, ya iya magana, kuma ya yi wa jam'iyyar wahala ba kaɗan ba. Ranar fidda gwani sai aka ba wani. Kafin a kira isha'i, 'yan wata jam'iyya sun yi masa sallama har gida. Suka ce ya zo, takara tasa ce, ga sabon babur, ga kuma na cefane. Ya ce su ba shi zuwa jibi.

Washegari Juma'a, ranar kasuwar Wudil. Ya raka ƙanin mahaifinsa zuwa Kara, kasuwar shanu, don tsohon dillalin shanu ne, duk da ƙarfi ya ja baya ba ya fashin kasuwa. Sai da suka zauna a rumfa, ana ta loda shanu a manyan motoci masu tafiya Kudu, sannan ya buɗe baki.

"Baffa, an ci amanata. Sauya sheƙa zan yi."

Tsohon ya ɓare goro, ya miƙa masa ɓari. Ya ce, "Sau nawa ka faɗi?"

"Sau ɗaya."

"To Malam fa, sau nawa?"

Saurayin ya san Malam Aminu Kano ake nufi. Ya san filin jirgin sama da asibitin koyarwa da ke ɗauke da sunansa, amma bai taɓa tunanin mutum irin wannan ya san ɗacin faɗuwa ba. Alhali ya sani ƙwarai. Malam, wanda aka haifa a unguwar Sudawa a 1920, ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU da ya jagoranta daga baya, ya rungumi siyasa ba albashi ba tabbas. A 1954 Maitama Sule ya kayar da shi a zaɓen majalisar tarayya. A 1956 ya sake faɗuwa a na majalisar Jihar Arewa. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Ikko, a 1964 kuma ta suɓuce masa.

"Kakanka ɗan NEPU ne," in ji Baffa. "Kuma a lokacin, ɗana, zama ɗan NEPU ba saka hula ba ne a ɗauki hoto. Mutum zai ce Sawaba a bainar jama'a, gobe ya tsinci kansa gaban alƙali, wai ya zagi sarauta. Wasu bulala, wasu gidan yari. Kana tsammani don kujera suka jure wannan? Wace kujera manomin Lajawa zai samu? Haraji ne ya ishe su."

Nan tsohon ya gyara zama, don abin da ya gani da idonsa zai faɗa. Ya ce da kaka, an gama girbi ke nan, mai unguwa zai biyo gida gida, dogari na biye da shi. Ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuɗin kai na nan daram. Ya tuna shekarar da gero bai yi ba, mahaifinsu ya kwance akuyar uwarsu, mai ciki, ya ja ta zuwa wannan kasuwa, ya dawo da 'yar takardar shaida ya soke ta a azarar ɗaki kamar laya. Wanda ya kasa biya, a zaunar da shi a rana a ƙofar gidan dagaci, 'ya'yansa na kallo. Wasu su sulale ci rani kafin a iso kansu. Fulani kuwa sukan kora rabin garke cikin daji da dare, kada a ƙirga a yanka musu jangali.

"Wannan Malam ya ce sai an sauke wa talaka. Shekara kusan talatin yana faɗa, ana kayar da shi, yana tashi yana maimaitawa."

A 1979 Malam ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP, mai alamar mabuɗi. Cikin 'yan takara biyar shi ya zo na huɗu. Amma Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, ta bi shi kwata, har Shehu Shagari da ya ci zaɓen bai samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'unta ba. PRP ta kafa gwamnati biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Suna hawa suka soke haraji da jangali.

"A rediyo muka ji," in ji Baffa. "Kakanka ya sa aka maimaita masa. Malam bai zama shugaban ƙasa ba, bai zama gwamna ba, amma dogari bai ƙara tsayawa a ƙofar gidanmu ba. Ka gaya mini, faɗuwa ya yi ko ci?"

Saurayin ya yi shiru. Can ya ce, "Amma Baffa, ai Malam ma ya bar wasu ya kafa tasa."

Gaskiyarsa ce, kuma tsohon bai musa ba. Da Malam aka fara Jam'iyyar Mutanen Arewa kafin ta zama NPC, da shi kuma aka fara taron da ya haifi NPN a 1978, duka biyu ya fice. Ni ma ban ga laifin mutum ya bar tafiyar da ta saɓa wa abin da ya yi imani da shi ba. Abin dubawa shi ne me ya fitar da shi.

"Su waɗannan da suka zo maka jiya," in ji Baffa, "wane kaya suka ce za su sauke wa mutanen Lajawa wanda naku suka ƙi? Sun yi maganar rijiyar burtsatse? Sun yi maganar ajin da kake koyarwa, wanda iska ta yaye wa kwano?"

"Babur suka ce."

"To."

Daga nan muryar tsohon ta sauka. Ya ce akwai sauran labari, kuma shi ne mai zafi. Mulki na zuwa, sai gida ya dare biyu. Gwamnonin nan biyu suka shiga zama da gwamnonin wasu jam'iyyu, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi. Aka samu 'yan Taɓo da ke tare da Malam, da 'yan Santsi da ke tare da gwamnoni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe. Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, shi ma wata uku kacal ya yi soja suka kwashe kowa.

"Ni ɗan Taɓo ne, mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ɗan Santsi. Uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya, amma muka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Ranar jana'izar Malam muka haɗu a Gwammaja cikin turmutsitsin jama'a, ya riƙe hannuna, muka dawo Lajawa a mota ɗaya. Ba wanda ya ce wa wani komai, kunya ta ishe mu. In ka tafi, yaran da ke binka za su rabu da 'yan'uwansu a kan babur ɗin da ba su ne za su hau ba."

Aka kira sallar Juma'a, suka tashi.

Da jibin ta zo, saurayin ya aika wa mutanen nan godiya, ya ce ba zai zo ba. Ya ɗauki takarda ya rubuta abu uku: rufin aji, gyaran rijiyar burtsatse, da takin zamani kafin ruwa ya sauka, ba bayan shuka ta yi nisa ba. Ya tara iyayen yara suka sa hannu, masu dangwale suka dangwala. Ya kai wa wanda ya kayar da shi, a gaban jama'a, ya ce zai yi masa yawon neman ƙuri'a, kuma duk ƙarshen wata zai zo da wannan takarda ya tambayi inda aka kwana. Ɗan takarar ya karɓa, fuskarsa ba ta saki sosai ba.

Mai karatu, in ka shiga Kano, ka ratsa Gwammaja ka ga gidan Mambayya, inda Malam ya zauna kuma aka binne shi. Jami'ar Bayero ke kula da wurin yanzu. Ka tafi da 'ya'yanka, su ga ɗakin da jagoran NEPU da PRP ya kwana a ciki har ya bar duniya.