Dabara Ko Makirci: Gardama A Kan Gasar Survivor

A wannan mako za mu duba wata gardama da ta daɗe tsakanin masu kallon talabijin a ƙasar Amurka, watau wane ne gwani a gasa: wanda ya ƙayatar da 'yan kallo, ko kuwa wanda ya iya shirya al'amarinsa har ya kai ga nasara?

A shekarar 2000 gidan talabijin na CBS ya fara wani shiri mai suna Survivor. Aka kai mutum 16 wani tsibiri a ƙasar Maleshiya na kwana 39, suna jefa ƙuri'a suna korar junansu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rage ya karɓi dala miliyan 1. Amma fa waɗanda aka kora daga baya-baya su ne alƙalan da za su zaɓi zakara. Richard Hatch ya ƙulla ƙawance da mutum 3 suna jefa ƙuri'a wuri guda, ya kuma ci da ƙuri'a 4 a kan 3. Wasu suka ce ya yi dabara, wasu suka ce makirci ne tsantsa.

Kalmomin nan biyu duka daga Larabci muka aro su, kuma ba ɗaya suke ba. Asalin dabara shi ne duban ƙarshen al'amari tun kafin a shiga cikinsa. Makirci kuwa shi ne ƙulla wa mutum cuta ta inda ya amince. A ganina abin da Hatch ya yi ya fi kusa da na farko, domin kowa ya shiga ne da sanin cewa za a haɗa kai a kore shi. Mai wasan dara ba ya bayyana wa abokin karawarsa inda zai kasa, ba kuma wanda zai kira shi maci amana saboda haka.

To, sai dai akwai iyaka. A shekarar 2003, a tsibiran ƙasar Panama, wani mai suna Jon Dalton ya shirya da abokinsa tun daga gida cewa idan ya zo ziyara ya ce kakarsa ta rasu. Abokan gasar suka tausaya, suka sakar masa ladan wannan rana, alhali tsohuwar tana nan da ranta. Nan ba wasan ya yi amfani da shi ba. Tausayin da ɗan Adam ke yi wa wanda aka yi wa rasuwa ya ɗauka ya mai da shi tarko, kuma babu wanda ya sa hannu a kan yarda da wannan. Malamanmu sun yi sassauci ga raha da wasa, amma ba su halatta ƙarya don a ba mutane dariya ba, balle don a ci dukiya.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne mu 'yan kallo. Wanda muke kira mai ƙayatarwa, sau da yawa shi ne wanda cutarsa ba ta same mu ba. Muna zaune a inuwa da ruwan sanyi, shi ya sa zubar da ruwan wani ke ba mu sha'awa. Haka Russell Hantz ya yi a Samoa a 2009: ya bi dare ya zubar da ruwan shan 'yan ƙungiyarsa, ya ƙona safar ɗayansu, don su jigata ya sami yadda zai juya su. Ya kai zagayen ƙarshe, amma alƙalai suka ba Natalie White ƙuri'a 7, shi 2. Magoya bayansa suka ce fushi ne ya rufe wa alƙalan ido. Ni kuwa ina tambaya, wace irin dabara ce ta manta cewa hukuncin ƙarshe yana hannun waɗanda aka zalunta?

A 2010 aka sake dawo da shi, ya sake kaiwa ƙarshe, bai sami ƙuri'a ko ɗaya ba. A duka karo biyun, masu kallo a gida sun zaɓe shi gwaninsu, aka ba shi dala 100,000 kowane karo.