Da Wa Dokar Ta Ke Magana?

A karanta Fitowa 20:14-17 da Yohanna 8:1-11.

Wanda ya bi ta Kasuwar Kwastam a Maiduguri da magariba, ya shiga lungunan da ke bayanta, zai ga yadda mutane su ke kwana. A shekarar 2014, sa'ad da Gwoza da Bama suka faɗa hannun Boko Haram, dubban mutane suka gudo cikin gari, da yawansu kuwa gidajen dangi suka sauka. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwar, waɗanda ɗakunansu suka rushe suka raɓu da maƙwabta. Ɗakin da aka gina domin miji da mata, sai a iske samari da 'yan mata da baƙo a ciki, zane ɗaya ne a rataye tsakaninsu.

A irin wannan zama, idan abin kunya ya auku, wa a kan tuhuma? Dukanmu mun sani. Yarinyar a kan kira gaban dattawan ikilisiya, ita a kan hana cin jibin Ubangiji. Shi kuwa yana rumfarsa yana ciniki.

Mu da aikinmu shi ne juya Maganar Allah zuwa Hausa, wata ƙaramar kalma ta daɗe tana tsai da mu a nan. Masu juyi na Turanci sun sha wahala suna neman kalmomin da za su haɗa maza da mata, gama inda Manzo Bulus ya gai da masu bi, tsohon juyinsu maza kaɗai ya ambata. Hausa ta hutar da mu, “'yan'uwa” ta ɗauki kowa. Amma Ibrananci, kamar Hausa, yana rarrabe “kai” da “ke”, Dokoki Goma kuwa da “kai” suka zo, watau namiji guda.

Waɗansu sun ce a mai da shi “ku”, domin mata su san har da su a ke. Lalle har da su a ke, ba mu musun wannan. Duk da haka muna jin tsoron “ku”, gama mutum ya kan ɓuya cikin taro yadda ya kan ɓuya cikin cunkoson ɗaki. Ku duba aya ta 17. Wanda a ke gargaɗi a wurin namiji ne mai iko, wanda hannunsa zai iya kai wa gidan maƙwabcinsa, da matarsa, da baiwarsa. A bayan Kwastam, shi ne mai maɓallin ɗaki da mudun hatsi, wanda marainiya ba ta da bakin ce masa a'a. Shi dokar ta fara nuna wa yatsa.

Malaman Attaura sun manta da wannan. Firistoci 20:10 ya ambaci namiji da mace tare, amma macen kaɗai suka jawo gaban Yesu. Sai da ya gama da mazan, suka watse ɗaya ɗaya, kana ya yi mata gargaɗi.

Haka kuma zancen ɗan daudu mai tuya a bakin tasha, wanda abokansa su kan ce masa “ke”. Mun gaskata Allah ya halitta mu namiji da mace, bisa ga Farawa 1:27. Amma ayar nan ce kuma ta ce cikin kamannin Allah aka yi mutum, ba ta ba yaranmu izinin yi masa ature ba.

Saboda haka, ya dattawa, ran da za ku aika a kira yarinyar, ku aika kasuwa a kira shi ma. Kafin ku zauna kuwa, ku tambayi jama'a ko akwai mai ɗakin da ba kowa a ciki.