Abin da Ya Rage a Kufan Gidan Boone

Karatu: Luka 6:46-49

A shekarar 1713 wani saurayi masaƙi mai suna Squire Boone ya baro yankin Devon na Ingila ya haye teku zuwa Pensilbaniya. Shi ɗan Ƙungiyar Abokai ne, Kiristocin da aka fi sani da ’yan Kweka, waɗanda suka sha ɗauri da tara a Ingila saboda ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami, kuma ba sa biyan zakka ga cocin gwamnati. Ya auri Sarah Morgan a 1720. A 1730 ya sayi fili mai eka 250 a kwarin Oley, ya tarar da idon ruwa a cikinsa. A kan idon ruwan ya haƙa rami, ya jera duwatsu ya yi ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sa’an nan ya ɗora gidan gungumen itace a bisa. A gidan aka haifi Daniel Boone a 1734, na shida cikin ’ya’ya goma sha ɗaya, wanda daga baya ya yi suna wajen buɗe hanyar Kentaki.

Shekara ashirin iyalin suka yi a wurin, kuma ba su bar shi cikin daɗin rai ba. ’Yarsu ta fari ta auri wanda ba ɗan ƙungiya ba a 1742, iyayen suka tsaya gaban taron ’yan’uwa suka ba da haƙuri. Da ɗansu Israel ya maimaita irin wannan aure, uban ya ƙi sake ba da haƙuri, aka cire shi daga ƙungiya a 1748. A 1750 ya sayar da gonar, suka ƙaura zuwa kwarin kogin Yadkin a Karolina ta Arewa. Waɗanda suka mallaki wurin bayansu suka rushe bangon itacen, suka yi ginin dutse. Wanda ya ziyarci gidan yau ba zai ga bango ko rufin da hannun Squire ya ɗora ba. Sai ya sauka ƙasa zai tarar da duwatsun da ya jera, da ruwan da yake ɓuɓɓugowa har yanzu.

Ka lura da abin da ya wanzu. Rufin da maƙwabta suke hangowa ya tafi, ɗakin da ake karɓar baƙi ya tafi. Aikin da aka yi cikin laka da sanyi, inda ba mai yabo, shi ne ya ɗauki ginin wasu mutane har yau. A karatunmu na yau Ubangiji Yesu ya kwatanta mai jin maganarsa yana aikata ta da maginin da ya yi haƙa mai zurfi kafin ya sa harsashi. Ba a ce gidansa ya fi na wanda ya gina babu harsashi kyau ba. Sai da rigyawa ta zo aka san bambancinsu.

Yawancinmu ƙarfinmu yana ƙarewa ne a kan abin da ido yake gani: matsayi a ikkilisiya, sunan gida, abin da za a faɗa a kanmu. Squire ya taɓa zama mai kula a taronsu, amma wata rana aka share sunansa daga littafi. Fili yakan koma hannun wani, ’ya’ya su bi hanyar da ba mu zaɓa musu ba, ’yan’uwa a cikin bangaskiya su juya mana baya. In a kan waɗannan muka kafa zuciya, ranar da suka kau mu ma mun kau.

Haƙan da Yesu yake nufi biyayya ce a ɓoye. Ka faɗi gaskiya a ciniki ko da mai saye ba zai gane ba. Ka yafe wa wanda bai roƙe ka ba. Ka yi wa ɗanka addu’a ko da ya ɓata maka rai. ’Yan Kweka sukan zauna shiru a taron sujada suna jiran Allah ya yi magana a zukatansu. Kafin ka fita yau, ka ɗan yi hakan, ka tambayi Ubangiji wace magana tasa ce ka daɗe da ji ba ka aikata ba, sa’an nan ka tashi ka aikata ta.

Addu’a: Ya Uba na sama, ka sani muna son a gan mu. Ka koya mana yin biyayya inda babu mai gani sai kai. Ka ta’azantar da iyalan da saɓani ya raba da gidajensu da ’yan’uwansu, ka ba mu zuciyar da za ta nemi sulhu da wuri. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.