Gobe ta Allah ce, to yau fa?

Ƴan uwa masu karatu, manomin Adar ya san zaman zullumi. Ruwan farko ya sauka a Allakaye, kowa ya fita shibka. Hatsi ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Maigida ya dubi gabas, ya dubi rumbu. Ɗansa ya tafi bida Abijan ko Libiya, an kwana biyu babu aike. Dare ya yi, barci ya ƙi zuwa. A irin wannan hali mutum yakan ɗaga hannu ya roƙi Allah. To, mene ne amfanin roƙon, tun da mai roƙo bai san abin da gobe za ta kawo ba?

Yau za mu dubi yadda Kirista suke amsa wannan tambaya. Ba su da yawa a jahar Tawa, amma mun san su. Asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga Buza da Madawa da Keita. Sanin tunanin maƙwabci ba ya rage wa kowa addininsa.

Babbar addu'arsu ita ce wadda Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, ya koya wa almajiransa. Tana cikin Linjila, littafin Matiyu, sura 6. Gajera ce, ko yaro yana iya haddace ta. Akwai abu uku a cikinta da ya kamata mu lura da su.

Na farko, abincin yini guda ake roƙo a cikinta. Wanda ya ɗora damuwar shekara duka a kansa, kaya za su yi masa nauyi har ya kasa noman yau. Ko jaki mangala guda ake ɗora masa. A cikin surar nan Yesu ya ba da misali da tsuntsaye: ba su da rumbu, amma Allah yana ciyar da su. Sai dai mu tuna, tsuntsu da sassafe yake fita kiwo.

Na biyu, da bakin jama'a ake yin ta. Ko mutum shi kaɗai ne a ɗaka, abincin kowa da kowa yake roƙo. To, wanda ya roƙa wa gari abinci da safe, in da maraice uwar marayu ta zo neman tiya guda ta hatsi, da wane ido zai hana ta?

Na uku, mai roƙo yana faɗin bukatarsa, ya bar wa Allah hukunci. Linjila ta ce Yesu kansa ya roƙa a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, amma ya sallama wa nufin Allah. Ke nan addu'a ba ciniki ba ce. Ɗan duba yakan karɓi kazarka ya yi maka alkawarin gobe. Mai addu'a kuwa ya yarda gobe ba a hannunsa take ba.

Wani zai ce: "Malam, addu'a ba ta cika rumbu. A 1973 da 1984 Musulmi da Kirista duk sun yi roƙo, amma dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu." Maganarsa tana da nauyi. Kuma akwai masu fakewa da addu'a su naɗe hannu. Sai ku saurari wani labari na gaskiya daga jahar Maraɗi.

Tony Rinaudo Kirista ne, malamin gona daga ƙasar Ostareliya. Ya zo Nijar a 1981. Ya yi ta rarraba dashen itace a ƙauyuka, amma yawancin dashen ya mutu saboda rana da iska da awaki. Wata rana a 1983 ya tsayar da motarsa a daji, ransa a ɓace. Shi da kansa ya ba da labari cewa ya roƙi Allah ya buɗe masa ido, ya nuna masa abin yi. Da ya dubi ɗan kurmin da ke gefen hanya, sai ya gane ashe kututturen icce ne da aka sare yake tofo. Saiwarsa tana da rai a cikin ƙasa.

Daga nan aka fara yaɗa abin da muke kira sassaben zamani. Manomi ya zaɓi rassa masu ƙarfi a kan kututture, ya sare sauran, ya kare su har su zama icce. Kakanninmu sun san wannan dabara, an dai yi sakaci da ita. Manoma suka kama aikin, galibinsu Musulmi. Masana sun ƙiyasta cewa itatuwa kamar miliyan 200 suka tashi a gonakin Nijar ta wannan hanya.

Ku lura, addu'ar mutumin nan ba ta hana farin 1984 ba. Abin da ya samu shi ne natsuwar da zai ga abin da ke gabansa. Mai firgici ba ya gani sosai. Shi ne ke sayar da irin shibka, ya sare gawon gonarsa don kuɗin kasuwa guda. Wanda ya miƙa wa Allah nauyin gobe, hankalinsa yakan dawo kan aikin yau.

Mu ma a nan muna da shaida. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, da jeren duwatsun aikin Keita na tun 1984, mutanen da ba su san gobensu ba ne suka yi su. Ga shi jikokinsu suna cin amfani.

Saboda haka, ɗan uwa, ka yi addu'arka yadda addininka ya koya maka. In ka shafa, ka ɗauki gatari ka zagaya gonarka. Ka ƙirga kututturan sabara da kalgo masu tofo, ka bar wa kowane reshe biyu ko uku. Ka leƙa gidan maƙwabcin da ba a ga hayaƙi ba. Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.