Nas ɗin Da Ta Gaji: Shin Ajiye Aiki Cin Amana Ne?



Makon jiya wata baiwar Allah ta turo mini saƙo da misalin ƙarfe uku na dare. Ban gani ba sai bayan Asuba, kuma tun daga lokacin da aka turo shi na gane ba daga kan gado aka rubuta ba. Ma'aikaciyar jinya ce, shekararta goma sha ɗaya tana aiki, 'ya'yanta huɗu. Ta yarda in kawo maganarta nan ba tare da suna ko gari ba.

Ta ce: "Malam, na gaji. Ranar da nake dutin dare, ni da wata ƙawata ne kaɗai a kan ɗaki guda cike da marasa lafiya, wasu ma a ƙasa. In na dawo gida da safe ba barci, sai girki da wanki. Autana ya fi sabawa da yarinyar da ke taya ni aiki. Maigida ya daina magana, kuma shirun nasa ya fi faɗan ciwo. Ina so in ajiye in kama sayar da atamfa da turaren wuta, ko in nemi koyarwa. Amma duk sanda na ɗauki biro zan rubuta takardar, sai in ji kamar na gudu daga fagen fama. Malam, in na bari, Allah Zai kama ni?"

Amsar da ta fara zuwa bakina ita ce wadda muka saba bayarwa, wato ki yi haƙuri, akwai lada. Na rubuta, na goge. Gaskiya ce, amma matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana wanke gyambon da dangin mai shi suka kasa kallo ba ta buƙatar in koya mata haƙuri. Hukunci ta tambaya, kuma ta cancanci a zauna a yi mata tunani.

Aikin jinya dai ba baƙo ba ne a wurinmu. A shekara ta 5 bayan Hijira, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu ranar yaƙin Khandaƙ, Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da shi a tantin Rufaida, 'yar ƙabilar Aslam, wadda take jinyar masu rauni a cikin masallaci, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Malamai kuma sun sanya ilimin magani cikin farillan kifaya. Imam Gazali, a littafinsa Ihya'u, har ƙorafi ya yi a kan mutanen zamaninsa, cewa za ka sami gari babu likita Musulmi ko ɗaya, amma kowa ya yi tururuwa wajen koyon jayayyar fiƙihu. Wannan ƙorafin ya haura shekara 900, kuma in ka karanta sai ka rantse jiya aka rubuta shi.

To a nan ne mutane da yawa suke karkatar da ma'ana. Farillar kifaya nauyi ne da ke wuyan al'umma gaba ɗaya. In wasu suka tsaya da shi har ya wadatar, ya faɗi a kan saura. In bai wadatar ba, laifin yana kan duk wanda yake da ikon yin wani abu bai yi ba. Mu kuwa sai muka juya ta. Muka ɗauki kayan gari guda muka ɗora wa mace ɗaya, muka koma gefe, in ta ce wuyanta ya ƙage mu ce ba ta da tsoron Allah. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mun sa ta ɗauka, muna kuma zarginta da cewa jinkar ta karkace.

Su wa ke da ikon da ba su yi ba? Akwai shugaban da aka kawo wa takardar ɗaukar ma'aikata ya ajiye ta a durowa. Akwai attajirin da ke zuwa Umra duk Ramadan, bai taɓa tunanin ya biya wa 'yan matan unguwarsu biyu kuɗin makarantar koyon jinya ba. Akwai kuma wanda na fi so mu tsaya a kansa, domin yana cikinmu, wataƙila ma yana karanta wannan rubutu: mutumin da in ya kai matarsa haihuwa zai tayar da jijiyar wuya cewa sai mace ce za ta duba ta, alhali 'yarsa ta roƙe shi ya bar ta ta karanci ungozoma ya hana, ya ce aikin dare ba na 'yar mutunci ba ne. Ɗan uwa, macen da kake nema ta duba iyalinka daga sama za ta faɗo? 'Yar wani ce, matar wani ce, kuma a daren nan akwai yaran da suka kwana ba uwa don naka su zo duniya lafiya. Mu malamai ma ba mu tsira ba. Mun yi shekaru muna wa'azi a kan haɗarin cakuɗuwa a asibiti, ba mu yi rabin wannan ba wajen kiran iyaye su tura 'ya'yansu mata su cike gurbin.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A watan Fabrairun 2024 kuma magatakardan hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Maganin da hukumar ta fito da shi a lokacin shi ne sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita, abin da ya sa suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A ƙarshen Yulin 2025 suka shiga yajin aikin gargaɗi, kuma cikin buƙatunsu har da alawus na dutin dare da ɗaukar ƙarin ma'aikata. Duk wadda ta tafi, gadajenta a kan wadda ta rage ake rabawa. Mai saƙon nan tana ɗauke da aikin mutum uku ko huɗu, albashin mutum ɗaya.

Zan faɗi wani abu a kaina, don kada ya zama ina take laifina ina hango na wani. Shekarun baya mahaifiyata ta kwanta a wani asibiti. Cikin dare ruwan da ake ƙara mata ya ƙare, jini ya fara komawa cikin robar. Na je na sami nas tana zaune ta kifa kai a tebur, na yi mata magana sau biyu kafin ta ɗago, kuma da ta ɗago ban ji daɗin amsarta ba. Na yi mata faɗa, har da jawo mata maganar amana da hisabi, irin tamu ta masu wa'azi. Ba ta ce komai ba, ta tashi ta canza. Da gari ya waye wata mai jinya ta gefenmu take gaya mini cewa tun safiyar jiya matar take nan, wadda za ta karɓe ta ba ta zo ba, kuma kafin in same ta ta rufe wa yaro ɗan shekara shida ido. Na nemi in ba ta haƙuri, ta riga ta tafi. Har yau abin yana cina.

Ban kawo wannan don in wanke masu tsawa da wulaƙanci ba. Matanmu sun sha ba da labarin yadda ake yi musu a ɗakin haihuwa, mace tana naƙuda ana gaya mata baƙar magana, kuma wannan zalunci ne ko wace ce ta yi. Sai dai shi ne ma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan fatawar. Mutum in ya gaji ya wuce iyaka, tausayinsa ne yake fara ƙarewa, sannan natsuwarsa. Wadda ta kai matakin da kukan mara lafiya haushi yake ba ta, ko take duba kwalbar allura sau uku ba ta gane adadin da ta zuƙa ba, zamanta a bakin gadon ya zama haɗari. Shari'a ba ta yarda a cutar da kai ba, ba ta yarda ka cutar ba. Irin wannan, hutawarta ko matsawarta ita ce riƙon amanar.

Sannan jiki da iyali suna da haƙƙin da ba ya faɗuwa don aikin da kake yi mai kyau ne. Kun san labarin Salmanu Bafarishe da Abud Darda'i, waɗanda Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakaninsu a Madina. Salmanu ya kai ziyara ya tarar da matar gidan ba ta kula da kanta, ta gaya masa mijinta ya juya wa duniya baya. Ya ƙi cin abinci sai da Abud Darda'i ya karya azumin nafilarsa, ya hana shi tsayuwar dare sai can kusa da Asuba, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowa yana da rabonsa. Da aka kai maganar gaban Annabi (SAW), Salmanu ya gaskata. Ku lura, abin da ya cinye Abud Darda'i azumi ne da sallar dare. In har waɗannan ba su zama uzurin tauye iyali ba, jadawalin duti ba zai zama ba.

Malaman usulu sun yi saɓani a kan ko farillar kifaya tana zama dole a kan mutum da zarar ya fara ta. Da yawa sun ce a'a, in ban da 'yan wurare kamar wanda ya shiga sahun yaƙi ko ya kabbara sallar gawa. Ni wannan na fi natsuwa da shi. Da kowace yarinya ta san cewa ranar da ta sa farin kaya ta ɗaure kanta har mutuwa, da ba mai shiga.

Amma akwai inda hukuncin yake canzawa, kuma ban ɓoye mata ba. Ungozomar da ita kaɗai ce a asibitin ƙauye, wanda in ta rufe ƙofa sai an ɗora mai naƙuda a kan babur an yi tafiyar awa biyu, wannan nauyin ya keɓanta da ita har a sami madadi. Ba a ce ta dawwama ba, amma ba za ta wayi gari ta ɓace ba. Ta rubuta, ta ba da wa'adi, ta matsa wa na sama, ta koya wa wata abin da ya sawwaƙa. Haka wadda gwamnatin jiha ko mutanen garinsu suka ɗauki nauyin karatunta a kan sharaɗin za ta yi musu aiki shekara kaza, wannan alkawari ne, sai ta cika ko ta biya ko a yafe mata. Akwai kuma wata hanyar fita da ba ta halatta ko kaɗan, kuma ta fi ajiye aikin muni nesa ba kusa ba: sunanka yana cikin masu albashi, kai kana shagonka na kemis, ka bar abokin aikinka da gadaje arba'in. Wanda ya rubuta takarda ya tafi ya bar gurbin da za a iya cikewa. Wannan kuwa ya toshe gurbin, ya ci kuɗin.

Masu tafiya Ingila ko Saudiyya fa? Ba ni da dalilin da zan haramta wa mutum neman halalinsa a inda ake biyan guminsa. Zuciyata dai tana sosuwa in na tuna cewa talakan nan ne aka koyi sa allura a hannunsa. Wanda ya tafi ya tuna da wannan, ko da kujerar karatun yarinya ɗaya ce ya biya.

Abin da na rubuta wa 'yar uwar tamu shi ne: ke a babban asibitin birni kike, ba bashin alkawari a kanki, don haka in kin ajiye ba ki yi saɓo ba. Amma kada ki yanke hukunci da ƙarfe uku na dare, ba wanda yake ganin daidai a wannan lokacin. Ki karɓi hutunki na shekara, ki yi barci, ki yi istihara. Ki nemi a mayar da ke sashen da ake tashi da rana, kamar wurin awon ciki ko rigakafin yara, ko ki nemi koyarwa a makarantar jinya, inda hannunki ɗaya zai zama hannu hamsin duk shekara. In duk ba su yiwu ba, ki sayar da atamfarki da zuciya ɗaya, ki ci gaba da sabunta lasisinki, domin yara suna girma kuma zuciya tana dawowa.

Na kuma roƙi ta ba maigidan wayar. Na ce masa: Alhaji, ba a kanka nake ɗora laifi ba, ka yi haƙurin da ba kowa zai yi ba. Amma macen da ta kwana a tsaye, in ta shigo gida ta tarar an kai yara makaranta an sayo ƙosai, ba abin da ya ragu daga girmanka. A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Annabi (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai ma ɓangarenta ka koma?" Na ce ɓangaren mata talatin ɗin da za ta tsaya a kansu gobe da dare nake.

Shekaranjiya ta sake turo saƙo, wannan karon da hantsi. Ta ce an ba ta hutun, takardar ajiye aikin kuma tana cikin jaka, ba ta miƙa ba, ba ta kuma yaga ba.