Tsohon Kaya, Sabon Farashi

Unguwar New Bell ta birnin Duwala ta saba da shawarar da ake yankewa a nesa, nauyinta ya sauko a kan talaka. Asalinta ma ke nan. Jamusawa ne suka kori mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, suka ware musu wannan wuri a bayan gari. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. A zamanin Faransawa unguwar ta zama masaukin baƙi, Bamileke da Basa da Hausawa fatake, masu goro da masu shanu. Da hanyar jirgin ƙasa ta kai Ngaundere a 1974, zirga-zirga tsakanin arewa da bakin teku ta ƙaru. Cikin waɗannan baƙi akwai mu masu bi da muke sujada da harshen Hausa, kuma da yawa daga cikinmu da saye da sayarwa muke ci. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ta shafi tukunyarmu: idan darajar kuɗi ta sāke dare ɗaya, wa ya kamata ya ɗauki hasarar?

Ran 11 ga Janairu 1994 shugabannin ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa suka taru a Dakar tare da wakilan Faransa da na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka rage darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Kafin wannan, a 1993, gwamnatin Kamaru ta riga ta yanke albashin ma'aikata sau biyu. Gari ya waye, duk abin da jirgin ruwa ke kawowa, shinkafa da alkama da magani da yadi, ya tasar wa ninki, aljihun mai saye kuwa ya riga ya rame.

Mu ɗauki misalin mai shago da ke da buhun shinkafa 20 da ya saya a tsohon farashi. Idan ya sayar yadda ya saba, abin da zai samu ba zai sake sayo masa 20 ɗin ba, watakila sai 10 da 'yan kai. In ya yi haka sau biyu, shagon ya rufe, iyalinsa sun shiga layin masu roƙo. Mai cewa Kirista bai isa ya ƙara ko sisi a kan tsohon kaya ba, bai taɓa riƙe jari ba. Maganar Allah ba ta hana riba. Cikin misalin da Ubangiji Yesu ya bayar a Matiyu sura 25, bawan da ya binne kuɗin maigidansa shi aka tsauta wa. Ƙarin da zai ba mutum damar mayar da kayansa a kan kanta halal ne.

Amma ba nan abin ya tsaya ba. Akwai wanda ya kulle sito ya ce wa mutane kaya sun ƙare, yana jira yunwa ta ƙara masa farashi. Akwai wanda ya ninka kuɗin rogo da ayabar da aka noma a gonakin Mungo, waɗanda ba su taɓa hawa jirgin ruwa ba. Akwai wanda ya bar farashi yadda yake, ya rage mudu. Waɗannan ba jarinsu suke karewa ba, girbi suke yi a gonar wahalar maƙwabci. Annabi Amos, cikin sura 8, ya yi magana mai zafi a kan 'yan kasuwar da ke rage awo suna cutar matalauta, Littafin Misalai sura 11 kuma ya nuna yadda jama'a ke tsine wa mai ɓoye hatsi. Iyakar da ke tsakanin halal da zalunci ba a rubuce take a jikin buhu ba, amma mai shago ya san ta a zuciyarsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Maganar bashi ta fi wuya. Wanda ya ranta wa ɗan'uwansa sefa 100,000 a watan Disamba 1993, aka biya shi a watan Maris, ya karɓi lambar daidai, amma ba za ta saya masa maganin da za ta saya a dā ba. A gaban alƙali mai bashi ya fita. A gaban Allah sai a duba su wa ke tsaye. Idan gwauruwa ce ta ba da ajiyarta ga ɗan kasuwar da kayansa suka ninka daraja a sito, ya kamata ya ƙara mata ba tare da ta roƙa ba. Idan attajiri ne ya ranta wa malamin makarantar da aka yanke wa albashi, to ya karɓi lambar ya yi godiya, kada ya ce a cika masa. Ba wanda ya jawo hasarar cikinsu biyu, don haka wanda ya fi ƙarfin wuya shi ya kamata ya ɗauki mafi nauyin kayan.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, abin da ya sami yuro kuwa yana samunmu. A watan Fabrairu 2008 yajin aikin direbobi kan tsadar mai ya rikiɗe ya zama tarzoma a Duwala, aka yi hasarar rayuka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin alkama, muka ji shi a bakin burodi. Kowace irin wannan girgiza tana dawo da jarrabawar 1994 ƙofar shagonmu.

Wayar hannu ta ƙara wa jarrabawar kaifi. Yau ɗan kasuwa yana jin farashin Dubai ko na ƙasar Sin kafin mai saye ya tashi daga barci. Ana aika kuɗi ta waya zuwa Garwa ko Marwa cikin minti ɗaya, ba a ga fuskar kowa ba. A dā baƙo yakan sauka gidan maigida a unguwar Hausawa, ya bar masa dukiyarsa ba takarda, maigida kuma ya san sunansa zai kai Kano kafin baƙon ya isa. Kunya takan tsare wanda tsoron Allah bai tsare ba. Yanzu da kunyar ido ta ragu, abin da ya rage shi ne tsoron Allah kaɗai, kuma a nan za a gane ko bangaskiyarmu ta wuce ranar Lahadi.

Mu tuna kuma muna zaune tsakanin maƙwabta Musulmi waɗanda suka ɗauki amana da girma. Da yawansu ba za su taɓa shiga majami'armu su ji wa'azi ba, amma suna sayen sukari a wurinmu, suna ba mu bashi, suna karɓa daga hannunmu. Mudunmu shi ne wa'azin da suke ji.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ba a nemi shawararka a Dakar ba, ba kuwa za a nema ba a taro na gaba. Ubangiji ba zai tambaye ka darajar sefa ba. Zai tambaye ka buhu 20 ɗin da ke hannunka a ranar, da gwauruwar da ta zo da tsohon kuɗi tana neman mudu ɗaya. Ya kamata dattawan ikkilisiya su zauna da 'yan kasuwarsu tun ana zaman lafiya, su daidaita yadda za a yi da bashi da farashi idan wata girgiza ta zo, domin wanda bai yanke shawara da rana ba, tsoro ne zai yanke masa da dare. Allah ya ba mu zuciyar da za ta ƙoshi da ribar halal, ya kuma tsare mu daga cin guminsu waɗanda Almasihu ya mutu dominsu. Amin.